Barin Sana'a Don Gina Shafukan Intanet: Me Horon Wata Uku Zai Ba Matashin Dutsen Abba?

Duk inda matasan Zazzau suka taru a 'yan shekarun nan, daga bakin kasuwar Tudun Wada har majalisun Dutsen Abba, da wuya a tashi ba a ji mai shirin barin aikinsa ya koma harkar kwamfuta ba. Malamin makarantar kuɗi da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, da mai rumfar POS, da wanda ya gama bautar ƙasa yana yawo da takardu, kowa ya ji labarin wani da ya koyi gina shafukan intanet cikin wata uku, yanzu da dala ake biyansa. Akwai gaskiya a labarin, sai dai rabinsa ake faɗa.

Wannan horo na gaggawa a Amurka ya samo asali. A 2012 aka buɗe makarantar Dev Bootcamp a San Francisco, ta yi suna, ta kuma rufe a 2017. A nan gida, kamfanin Andela ya fara a Legas a 2014, yana ɗaukar matasa, ya horar da su, ya haɗa su da kamfanonin ƙetare. A Satumbar 2019 ya sallami sababbin hannu kimanin 400 a Najeriya da Kenya da Uganda, domin masu ba da aiki gogaggu suke nema. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 abin ya ƙara tsanani, don ƙananan ayyukan da ake ba sabon shiga yanzu na'ura na yin su cikin ƙiftawar ido.

Duk da haka ba a taɓa samun sauƙin fara koyo kamar yau ba. A ƙarshen 2023 ma'aikatar sadarwa ta tarayya, ƙarƙashin minista Bosun Tijani, ta ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da mutum miliyan uku kyauta, aka fara da 30,000. A Kaduna akwai cibiyar fasaha ta CoLab tun 2016. Darussan shafin freeCodeCamp kuwa ko sisi ba a biya.

Me ake koya a wata ukun? HTML, mai tsara abin da ke cikin shafi. CSS, mai kula da kamanninsa. Sai JavaScript, wanda ke sa maɓalli ya yi aiki idan an danna. Wannan ya isa mutum ya gina shafi mai kyan gani. Bai isa ya gano dalilin da kuɗin mai saye ya fita amma odarsa ba ta shiga ba, alhali irin wannan matsalar ce ake biyan mutum ya warware. Bazazzagi ya san yaron tela na iya taka keke cikin mako guda, amma sai ya shekara a gaban maigidansa yana ɓata yadi ana gyara masa kafin a ba shi shaddar ango ya yanka. Haka wannan sana'a take. Wanda ya gama kwas bai sami na gaba da shi da zai riƙa duba aikinsa ba, takardar shaida kawai ya samu.

Akwai kuma kuɗin da masu tallar kwas ba sa ambata. Sai da laftof, don waya ba ta wannan aiki yadda ya kamata. Sai da data, wadda ta ƙara tsada bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Sai da wuta, kuma ba mu manta da duhun Oktoban 2024 ba, lokacin da yawancin Arewa ta shafe kwanaki babu lantarki. Ga Turanci, domin kusan duk bayanan aikin da shi aka rubuta su.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda hankalin masu koyo ya tafi ƙetare, alhali aikin farko yana bakin ƙofa. Makarantun kuɗi da Islamiyyu na Zariya suna bukatar inda iyaye za su duba sakamako. Masu ɗinkin hannu na cikin birni, waɗanda manyan rigunansu suka yi suna a ƙasar Hausa, da yawansu a WhatsApp kawai suke talla. Tsohon malami ya san yadda ake haɗa sakamakon zango fiye da duk wani ƙwararre da ke Legas, kuma wannan sanin jari ne. Matar aure ma za ta iya wannan aiki daga ɗakinta.

Don haka, ɗan'uwa, kada ka ajiye allinka ko ka sayar da gonarka don biyan kuɗin kwas. Fara da na kyauta, da dare bayan isha'i, ka gina wa makarantar unguwarku shafi na gaske, ka nemi wanda ya fi ka ya duba. Su kuma ƙaramar hukumar Zariya da Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli, muna roƙonsu su samar wa unguwanni irin Dutsen Abba ɗaki ko da guda ne mai sola da intanet, su riƙa turo ɗalibansu na kwamfuta suna duba aikin masu koyo.