Daren Cika-ciki

Kai mai karatu, in an tambaye ka yaushe Babbar Salla take ƙarewa, kada ka ce ran da Sarkin Daura ya gama hawa. Tambayi yaran Mai'adua, su ne suka san lissafin. A wurinsu Salla ba ta ƙare ba sai an cinye ajiyar layya.

Ga yadda abin yake. Ran 10 ga Zulhajji ake yanka rago. A soya nama, a rarraba wa dangi da maƙwabta, amma uwargida mai dabara ba ta sakin hannu duka. Sai ta ɗebi wani abu, ko wutsiya, ko ƙafafu, ko kai, ta busar, ta ɓoye. Yara suna sane da inda yake, ba mai ikon taɓawa. Haka za a zauna har wata guda, sai Muharram ya kama, watau watan farko na shekarar Musulunci, wanda Hausawa ke kira watan Cika-ciki. Manya su yi azumin Tasu'a da Ashura, ran 9 da ran 10. A wannan tsakani ne ake fito da ajiyar nan, a zuba a miya, a tuƙa tuwo fiye da na kullum. Kowa ya ci har ya ture. Tsofaffi kan tsorata yara, su ce wanda bai ƙoshi a daren nan ba, ba zai ƙoshi ba har shekara ta kewayo. Wannan dai al'ada ce, ba umurnin addini ba, amma ban taɓa jin yaron da ya yi gardama da ita ba.

A zamanin da, bayan cin tuwo sai yara su kunna wa ciyawa ko kara wuta, su fita suna jifan juna da ita, suna ihu. Shi ake ce wa wowwo. Wasa ne mai hatsari ƙwarai a garin da ke da danni da rumbuna. Da gari ya waye kuma sai neman kuɗin shara: jika ya tare kakarsa, taubashi ya tare taubashi, ba a rabuwa sai an biya.

Kada ka zaci mu kaɗai ke sallamar biki da wuta da ragowar abinci. Can arewa da Ingila, cikin teku, akwai wani tsibiri mai sanyi, Aisland. Mutanensa Kirista ne galibi, suna rufe bikin Kirsimeti ran 6 ga Janairu, kwana na 13. Su hura babbar wuta a fili, su cinye abin da ya rage na biki. Suna gaya wa yaransu wai a daren nan shanu kan yi magana kamar mutane, wanda kuwa ya laɓe ya saurara zai haukace. In ka je kasuwar Mai'adua ran Lahadi, ka ga yawan shanun da ke kara, ka tuna da wannan.