Shirin Musamman: Mayar da Keke Mai Giya Zuwa Giya Ɗaya

Shirin namu na yau na masu keke ne, musamman waɗanda suka sayi keken gwanjo mai kaurin taya, irin wanda aka ƙera don hawan duwatsu, mai faranti uku a gaba da bakwai a baya, giya 21 ke nan.

Duk wanda ya daɗe yana hawan irinsa a Kano ko Maraɗi ya san inda ciwon yake. Ƙarfen nan mai lilo a jikin ƙafar baya, wanda ke ɗauke sarƙa daga wannan faranti zuwa wancan, shi ke fara ba da wahala. Ƙurar hunturu ta cakuɗe da mai, wayar giya ta yi tsatsa da damina, keke ya faɗi sau ɗaya ƙarfen ya lanƙwashe. Sai sarƙa ta riƙa tsalle. A nan ne mai gyara zai ce: "Maigida, mu cire shi kawai, mu rage sarƙa."

Ni dai ina goyon bayan wannan shawara, kuma ba na ganin keken ya rage daraja. Raleigh da Phoenix ɗin da iyayenmu suka kai kaya kasuwa da su shekara da shekaru giya ɗaya ce gare su. Kai, shi kansa keken hawan dutsen daga nan ya faro: matasan yankin Marin a jihar Kalifoniya ta Amurka, waɗanda suka soma tseren gangaro dutse a 1976, tsofaffin kekuna masu giya ɗaya da yawansu suka fara hawa. Damuwata ita ce yadda ake yin aikin cikin gaggawa, mutum ya bar wurin gyara da keken da ya fi na dā haɗari.

Kafin a yanke sarƙa, a zaɓi giyar. Masu hawan duwatsu sun saba da haƙora 32 a gaba, 16 a baya. Taka feda zagaye ɗaya, ƙafar baya ta juya sau biyu, wajen mita huɗu ke nan a taya mai inci 26. Wannan ya dace da mutumin Jos. A shimfiɗaɗɗen titi kuwa sai ka yi ta feda keke ba ya gaba. 42 da 16 ko da 18 ya fi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka hau mako guda a giya ɗaya, kada ka taɓa ta, har da ranar da ka ɗauko buhu. In gwiwa ba ta koka ba, ita ce taka.

Sai daidaiton sarƙa, kuma a nan aka fi yin sakaci. Tsuguna a bayan keken ka duba: sarƙa ta miƙe sambal daga farantin gaba zuwa na baya, ko ta karkace? Haƙoran faranti masu giya an sassaƙa su ne musamman don su saki sarƙa cikin sauƙi. In ta karkace, wata rana za ta hau farantin da ya fi girma da kanta, kuma tun da an gajarta ta, sai ta ɗaure tam, ta lanƙwasa ƙarfen tsakiyar ƙafa ko ta tsinke. In da hali, a sauya farantan bayan gaba ɗaya da guda ɗaya mai dogayen haƙora, irin na keken gargajiya.

Akwai kuma ɗamewa. A keken gargajiya ana jan ƙafar baya har sarƙa ta ɗame. Yawancin kekunan dutse ba su da tsagar da ake jan ƙafa a cikinta, ƙafar wuri ɗaya take zama, ita kuma sarƙa inci guda-guda ake rage ta, don haka sau da yawa ko ta yi sako-sako ko ta ƙi kaiwa. Mafita tana hannu: in tsohon ƙarfen giyar bai mutu sarai ba, a miƙe shi, a ɗaure ƙananan kusoshinsa ya tsaya a kan faranti ɗaya, ya zama shi ke riƙe sarƙa. Keke mai sifirin a ƙafar baya kuwa dole a bar masa wannan ƙarfen, domin tazarar farantan tana sauyawa duk lokacin da aka faɗa rami.

Wanda garinsu ke da hawa da gangara, ba lallai ya rabu da giya duka ba. A rage farantan gaba, a bar faranti ɗaya da bakwai ɗin baya. Kamfanin SRAM ma haka ya yi a 2012, ya fito da faranti ɗaya a gaba, 11 a baya, kuma yau sababbin kekunan dutse masu tsada da faranti ɗaya a gaba suke zuwa.

Idan an gama, danna tsakiyar sarƙa da yatsa. Ta motsa kamar rabin inci, ba fiye ba. Juya feda baya a hankali ka tabbatar babu inda take cijewa, sannan ka gwada birki gaba da baya kafin ka hau titi.