Tarihin Fattash: littafin da aka yi wa cushe don a ɗaga darajar sarki

Duk ɗan Briqueterie da ya yi darasin daular Songhai a makarantar boko ya sha ruwan Tarihin Fattash, ko da bai taɓa riƙe littafin ba. Tun da Octave Houdas da Maurice Delafosse suka fassara shi zuwa Faransanci a 1913 ake kafa hujja da shi, ana cewa Mahmudu Ka'ti ne ya rubuta shi a zamanin Askiya Muhammadu.

Cikin littafin akwai labarin cewa lokacin hajjin Askiya, Imam Suyuɗi ya shaida masa shi ne halifa na 11, kuma na 12 zai fito daga Masina, sunansa Ahmadu. Abin mamaki, a 1818 wani Ahmadu Lobbo ya kafa daula a Masina, hedkwatarta Hamdallahi. Duba ya faɗa daidai ke nan? Nehemia Levtzion ya nuna a 1971 cewa cushe ne na ƙarni na 19. A 2020 Mauro Nobili ya kai ga mai aikin: Nuhu bin Ɗahir, babban malamin fadar Ahmadu Lobbo. Ya ɗauki tsohon tarihi na ƙarni na 17, ya ƙara masa abin da fada ke bukata.

Abin da ake nema shi ne mubaya'a. In Ahmadu ne halifan da aka yi bushara da shi, to har Sakkwato sai ta bi. Nuhu ya baza wasiƙa da wannan da'awa, Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, ya mayar da martani ya ƙi yarda.

Turai ma ta ga irin wannan. A ƙarni na 9 wasu malaman coci a ƙasar Faransa ta yau suka ƙirƙiri wasiƙu da sunan fafaroman farko, don kare bishof-bishof daga na sama da su. Sun cakuɗa su da takardu na gaskiya, kamar yadda Nuhu ya yi, shi ya sa suka shige cikin kundin dokokin coci na Gratian wajen 1140. Sai a 1628 David Blondel ya warware zaren filla-filla.

A ganina ba daidai ba ne a jefar da Fattash. Akwai tarihin Songhai na ƙwarai a ciki, cushen kuma shaida ce kan siyasar Masina. Matsalar dai ita ce fassarar 1913 ta haɗa tsoho da sabo wuri guda, kuma har yau ita ce a hannun yawancin masu karatu da Faransanci.