Ƙofar Kudu: Filin da Adonsa ke Jikin Bango

Mutumin Zakirai ta Gabasawa idan ya shiga Birnin Kano kallon Hawan Daushe, filin Ƙofar Kudu da ke gaban fadar Sarki yake nufa. Zai ga dawakai da 'yan lifidi, ya ga hakimai suna jafi, ya koma gida da labari cike da baki. Da wuya ya ɗaga kai ya dubi ginin da ke gabansa, alhali rabin abin kallon a jikin bango yake.

Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina fadar, shi ya sa ake ce mata Gidan Rumfa. Gidan Makama da ke kusa da filin shi ma tun zamaninsa yake. Turawa sun yi ofis a cikinsa bayan sun ci Kano a 1903, yau kuma gidan adana kayan tarihi ne. Ita Ƙofar Kudun daga baya ta zo, a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, cikin ƙarni na 19.

A biranen Turai mutum-mutumi ake kafawa a tsakiyar dandali. Mu addini bai ba mu wannan ba, sai magina suka kai fasaharsu jikin bango. Tun yaɓe yana ɗanye ake fitar da zane da hannu: dagi, takobi, allo, da layukan da ke sarƙe juna. A sama ga zankwaye sun miƙe, ga indararo na kore ruwa daga bango, a cikin soro kuma ga bakan gizo da aka ɗaure da azarar giginya. Dagin nan har ya zama tambarin Arewa a zamanin Sardauna. Abin takaici, yara da yawa sun san shi a jikin hula da kalanda, ba su san aikin magina ba ne.

Hawan Sallar kansa ya samu gata, domin a Disambar 2024 UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake karewa. Zanen bango kuwa maraya ne. Siminti ya kore shi, fenti ya rufe shi, fastocin 'yan siyasa suna ƙarasa abin da ya rage. Ko adon zamani bai tsira ba: ginin shataletalen gidan gwamnati da aka yi a 2017, don cikar Jihar Kano shekara 50, an rushe shi a Yunin 2023.

Kada mu ɗauka maganar ta 'yan Birni ce kawai. Makubar da ke hana ruwa cin bangon ƙasa daga ɓawon ɗorawa ake yin ta, ɗorawa kuwa a gonakinmu na Gabasawa take, kuma gatari bai ƙyale ta ba. Duk wanda ke da tsohon zaure mai zane, ko a ƙofar fadar dagaci ko a gidan gado, ya gyara indararonsa, ya yi yaɓe kafin damina ta sauka, ya hana liƙa masa takarda. In ya zama dole a rushe, a ɗauki hotonsa tukuna. Tsofaffin maginan da suka rage a garuruwanmu kuma a haɗa su da samari a wurin aiki, a biya su kuɗin koyarwa kamar yadda ake biyan birkila.