Motar da Ta Taɓa Yin Haya

Idan ka taɓa bi ta kasuwar motoci ta Berger da ke Apapa, cikin birnin Legas, ka ga motoci jere reras, an wanke su an goge, suna ƙyalli a rana. Yawancinsu ba sababbi ba ne. An hau su a wata ƙasa kafin jirgin ruwa ya sauke su a tashar Apapa ko ta Tin Can. Yarabawa suna kiran irin wannan mota tokumbo, wato abin da ya zo daga ƙetaren teku. Hausawa kuwa sukan ce 'yar Baljiyam ko 'yar Kwatano, domin ta waɗannan wurare aka saba shigo da su a da. A yau da yawa daga cikinsu daga Amurka suke fitowa. Sitiyarin motocin can yana hannun hagu, daidai da abin da ake buƙata a Nijeriya tun 1972, lokacin da aka koma tuƙi a hannun dama na titi.

Mota ba ƙaramin saye ba ce. Mutum yakan yi shekaru yana tara kuɗinta, ko ya shiga adashi, ko ya ci bashi. Wata rana babanka zai tashi saye, ko kuwa yayarka. Tunda kai ne gwanin waya a gidan, za a miƙo maka bayanin motar a ce, "Duba mana." Kana dubawa sai ka ga ashe motar ta taɓa yin haya. Me za ka ce musu? A saya ko a bari?

Kafin ka amsa, ka lura da kalmar haya. Idan Bahaushe ya ce "motar haya", abin da yake nufi shi ne tasi ko bas mai ɗaukar fasinja. A Amurka da Turai akwai wasu hanyoyi biyu na haya waɗanda ba su da alaƙa da fasinja, kuma kowace tana barin tabonta daban a jikin mota.

Ta farko ita ce hayar kwanaki. Matafiyi ya sauka a filin jirgin sama, ya je wurin kamfani, ya biya kuɗi, a ba shi makulli. Shi zai tuƙa da kansa, kwana biyu ko mako ɗaya, sa'an nan ya mayar. Wannan sana'a ta daɗe. Kamfanin da aka sani da suna Hertz ya faro ne a birnin Chicago a 1918 da motoci goma sha biyu ƙirar Ford. Daga baya aka sami Avis a 1946 da Enterprise a 1957. Waɗannan kamfanoni suna sayen motoci sababbi fil, dubbai a lokaci ɗaya. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai su sayar da su, wasu a gwanjo, wasu kai tsaye ga jama'a, su kawo wasu sababbi.

Ta biyu ita ce hayar dogon lokaci. A nan mutum ɗaya ne yake riƙe da mota, galibi wata 36, wato shekara uku. Yana biyan kuɗi kowane wata, amma motar ba tasa ba ce, ta kamfani ce. A cikin yarjejeniya akan ƙayyade masa tafiyar da zai yi, sau da yawa mil 12,000 a shekara, kimanin kilomita 19,300 ke nan. Idan ya zarce, zai biya tara a kan kowane mil. Ranar da zai mayar da motar kuma, za a duba ta ciki da waje. In an ga kujera ta yage ko ƙofa ta lotsa, shi zai biya.

To, ka kwatanta su. Mai hayar dogon lokaci yana lallaɓa mota, ba don yana ƙaunarta ba, sai don yana tsoron tara. Shi ya sa irin wannan mota takan dawo da tsabta, kuma tafiyarta kaɗan ce: idan an kiyaye ƙa'idar da muka ambata, bayan shekara uku ba za ta wuce kilomita 58,000 ba. Sai dai akwai abin da ido ba ya gani. Mutumin da ya san saura wata huɗu ya rabu da mota ba lallai ne ya damu da juye baƙin mai a kan lokaci ba. Fenti yana ƙyalli, inji yana wahala.

Motar hayar kwanaki kuwa hannuwa da yawa sun taɓa ta. Yau mai natsuwa ne ya tuƙa, gobe mai gaggawa wanda jirgi zai bari, jibi baƙon da bai san hanya ba, yana taka birki a kowace kwana. Babu wanda yake tausayinta a cikinsu. Kuma ba ta hutawa, domin motar da ke ajiye ba ta kawo wa kamfani ko sisi. Saboda haka takan yi tafiya mai yawa cikin ɗan lokaci, birkinta da tayoyinta da kujerunta su gaji da wuri. Wannan ne ya sa mutane da yawa suke gudunta.

A ganina ba a yi mata adalci ba. Babban kamfani yana da jadawalin gyara, yana juye mai a kan kari, yana kuma rubuta abin da aka yi, domin motar jarinsa ce. Mutum nawa ka sani a unguwarku da ke ajiye rasit na duk gyaran da ya yi wa motarsa? Ban da haka, kamfanonin haya sun fi sayen motocin da kowa ya sani, irin su Toyota Corolla da Camry da Hyundai Elantra, masu ƙaramin inji, marasa ƙyale-ƙyale. Wannan ya yi wa mai saye a Nijeriya daidai. Kayan gyaransu suna nan birjik a kasuwar Ladipo ta Legas, da Nnewi, da Ƙofar Ruwa a Kano, kuma kowane makanike ya san cikinsu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ƙaramin inji ya ƙara daraja a idon masu mota.

Amma ga wani abu da masu saye sukan manta, kuma shi ne ya fi muhimmanci. Motar da ta iso Legas ba jiya ta bar kamfanin haya ba. A ce an ƙera ta a 2015. Ta yi haya har 2017, wani ya saye ta ya hau shekara shida, ya yi haɗari da ita, kamfanin inshora ya biya shi ya karɓe ta, ya kai ta gwanjo. Daga can ɗan kasuwa ya saya da araha, ya loda a jirgi, aka gyara mata gaba aka fesa fenti. Ka ga shekara biyu na haya ɗan guntu ne a cikin rayuwarta. Tambayar da ta kamata ita ce: me ya same ta bayan hayar?

Dillali ba zai amsa maka wannan ba. Shi la'adarsa yake nema, kuma ba laifi ba ne, sana'arsa ce. Za ka ji ya ce, "Alhaji, wannan wata tsohuwa ce ke hawanta, daga gida sai kanti." Kusan kowace mota a kasuwa tsohuwa ce ta hau ta! Ka saurare shi cikin ladabi, sa'an nan ka nemi lambar shasi.

Lambar shasi ita ce sunan yanka na mota, babu motoci biyu masu lamba ɗaya. Tun 1981 motocin da ake sayarwa a Amurka suna ɗauke da lamba mai haruffa da alƙaluma 17. Ba a sa harafin I ko O ko Q a ciki, don kada a rikita su da 1 da 0. Za ka gan ta a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, da kuma jikin ginshiƙin ƙofar direba. Ka tabbata ta zo daidai a wuraren biyu, ta kuma dace da wadda ke cikin takardu. Lambar tana magana ga wanda ya iya karanta ta. Idan ta fara da 1 ko 4 ko 5, a Amurka aka haɗa motar. Idan 2 ce Kanada, 3 Meziko, J Japan, K Koriya, W Jamus. Gurbi na goma yana nuna shekarar ƙira: A ita ce 2010, F 2015, G 2016, L 2020. Don haka idan an ce maka ƙirar 2018 ce, amma ka ƙirga ka ga D a gurbi na goma, to ta 2013 ce aka canja wa fitilu da bamba. Ana yin haka.

Da wannan lamba za ka iya sayen rahoton tarihin motar a intanet, daga kamfanoni irin su Carfax ko AutoCheck. Rahoton yakan nuna hannu nawa ta shiga, ko ta yi haya, wace irin haya ce, a wace jiha ta zauna, da ko inshora ta taɓa yanke cewa gyaranta ya fi ƙarfin darajarta. Yana kuma nuna abin da agogon tafiya ya karanta a lokuta daban-daban. Idan rahoto ya ce ta kai mil 140,000 shekara biyu da suka wuce, amma yau agogo yana nuna 75,000, an mayar da shi baya ke nan. Ka kuma kula, agogon motar Amurka mil yake ƙirgawa, ba kilomita ba. Mil 100,000 ya kai kusan kilomita 161,000.

Jihar da mota ta zauna ma abin dubawa ce. A jihohin arewacin Amurka ana watsa gishiri a titi lokacin hunturu don ƙanƙara ta narke, gishiri kuwa yana cin ƙarfe, sai ƙasan mota ya yi tsatsa. A kudu ambaliya ce matsalar. Guguwar Harvey da ta auka wa birnin Houston a watan Agusta na 2017 ta nutsar da motoci masu ɗimbin yawa. Motar da ta sha ruwa tana iya tashi lafiya yau, bayan wata uku wayoyinta su fara ba da wahala ɗaya bayan ɗaya.

Duk da haka, rahoto yana faɗin abin da aka kai masa ne kawai. Kamfanin haya yakan gyara ƙananan ɓarna a garejinsa ba tare da labari ya fita ba, haka ma mutumin da ya biya gyara daga aljihunsa. Saboda haka sai an je an gani. Hausawa suna kiran sayen abin da ba a duba ba cinikin biri a sama: ka biya kuɗi, biri kuwa yana kan bishiya. Ku tafi da makanikenku, ba wanda mai mota ya kawo ba. Ku je da safe, kafin a ɗumama inji, domin inji mai sanyi ba ya ɓoye ƙara ko hayaƙi. A ɗaga kafet a shinshina, a leƙa ramin safaya taya ko akwai busasshen taɓo. A dubi fenti a rana, ko wata ƙofa ta fi 'yar'uwarta haske. A dubi robar birki da ta totur da fatar sitiyari: in sun suɗe alhali agogo yana nuna 'yar tafiya kaɗan, ɗayansu ƙarya yake yi. Tayoyi ma suna da shekaru. A gefen taya akwai alƙaluma huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, kuma 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Bayan haka a hau titi a ji yadda giya ke shiga, a sa na'urar bincike ta karanta kwamfutar motar.

Akwai kuma hayar da ake yi a nan gida. Bankuna da manyan kamfanoni sukan ɗauki motoci haya na wasu shekaru don ma'aikatansu, daga baya a yi gwanjonsu. Wasu motocin kuma sun yi shekaru suna ɗaukar fasinja ta Uber ko Bolt cikin cunkoson Legas ko Fatakwal, inji yana aiki tun asuba har dare ko da mota ba ta motsi. Agogon tafiya ba ya ƙirga wannan wahala. Irin waɗannan babu rahoton intanet da zai tona tarihinsu, sai ido da tambaya.

Haɗarin da ya fi girma a nan ba na inji ba ne, na mallaka ne. Direban da aka ba mota yana biya kaɗan-kaɗan bai mallake ta ba sai ya gama biya. Idan ya sayar muku kafin nan, kayan wani ya sayar, kuma mai ita yana iya zuwa da 'yan sanda ya nemi abinsa. A lokacin direba ya daɗe da kashe waya. Don haka ku dubi sunan da ke kan takardar mallaka, ku gwama shi da katin shaidar mai sayarwa. In sunan kamfani ne, ku je ofishin kamfanin da ƙafarku, ku karɓi wasiƙar da ta nuna an gama biya kuma an saki motar. In daga waje aka shigo da ita, ku nemi takardun kwastan, ku tabbatar a ofishinsu cewa an biya kuɗin fito a kan wannan lambar shasi, ba a kan wata ba. Kuɗin motar kuma a tura su ta banki, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da kuka gani a takarda.