Yadda Kwamfuta ke Sassauta Gudu Don Tsimin Wuta

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, tana aiki ne da bugun wani agogo da ke cikinta. Idan aka ce gudunta gigahaz 3 ne, ana nufin bugu biliyan 3 a daƙiƙa ɗaya. Sai dai ba ta wuni a wannan gudu. In karatun takarda kawai ake yi, takan sauko ƙasa da gigahaz 1, da an ɗora mata aiki mai nauyi kuma sai ta haye nan take.

Ribar saukowar tana cikin lissafin wuta. In aka raba gudu biyu, wutar da aikin ke ci takan rabu biyu. Ƙarfin lantarkin da ake ba ta, wanda ake aunawa da bolt, shi kuwa da kansa ake ninka shi a lissafin, kuma furosesa mai tafiya a hankali ba ta buƙatar bolt mai yawa. Saboda haka in aka rage rabin gudu, aka kuma rage kashi ɗaya cikin biyar na bolt, wutar za ta dawo kusan sulusin yadda take. Kamfanin Intel ya fito da wannan dabara a shekarar 2000 da sunan SpeedStep, AMD kuma da PowerNow!, duka don kwamfutocin tafi-da-gidanka.

Manhajar da ke tafiyar da kwamfuta ce ke zaɓen matakin gudu. A Windows akwai tsare-tsaren wuta kamar Balanced da High performance. A Linux akwai performance mai riƙe gudu a sama, da powersave mai danne shi ƙasa, da ondemand mai bin nauyin aiki, sai schedutil da ya zo a 2016. Suna na iya ruɗar mutum: a ƙarƙashin intel_pstate, manhajar Linux mai sarrafa gudun furosesocin Intel, powersave ba ya ɗaure furosesa a ƙasa, hawa da sauka take yi gwargwadon buƙata. Daga furosesocin Skylake na 2015, Intel ya ba furosesa damar zaɓen gudunta da kanta, domin ta fi manhaja saurin gane canji.

Danne gudu ba kullum yake ƙara wa batir daɗewa ba. Furosesar da ba ta da aiki takan shiga barci, ta kashe wasu sassanta, yayin da allo da sauran kayan ciki ke ta shan wuta muddin aikin bai ƙare ba. Wani lokaci gara ta gama da sauri ta kwanta.

Zafi ma yana tilasta saukowa. Idan furosesa ta doshi digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, da kanta take rage gudu don kada ta lalace, ko wane tsari aka zaɓa. A Kano ko Sakkwato, inda zafin bazara ke wuce digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe fanka da kafofin iska, kwamfutar da ta fara yin nawa, sau da yawa sharar ciki take buƙata kafin a taɓa saitinta.