MUDUN DA A KE AUNA MAI CEWA ALLAH YA AIKO SHI

Da wuya a sami zamanin da ya wuce a ƙasar nan ba tare da wani ya tashi ya ce Allah ne ya aiko shi ba. Wani ya ce shi ne Mahadi, wani ya ce shi ne Annabi Isa da a ke jira, wani kuwa bai kai ga haka ba, amma ya ce duk abin da ya fito daga bakinsa hukuncin Allah ne, wanda ya musa ya halaka. Mutane su kan bi, su ba da dukiyarsu da 'ya'yansu, wani lokaci har da rayukansu. To, tun da ya ke malamin makaranta da akawu su ne mutanen gari su kan tunkara da tambaya, don an san sun yi karatu, ya kamata mu duba da wane mudu za a auna irin wannan mutum. Ba sai mun je nesa neman mudun ba, gama tarihin ƙasarmu ya riga ya ajiye mana shi.

Tushen maganar dai sananne ne. A wurin Musulmi an rufe ƙofar wahayi da Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Musailama na Yamama da ya yi da'awar annabci, sahabbai sun yaƙe shi cikin halifancin Sayyadina Abubakar, mahardata da yawa suka yi shahada a wannan yaƙi, har abin ya zama dalilin tattara Alƙur'ani wuri guda. Saboda haka babu malamin da ke karɓo magana daga Allah kai tsaye. Iyakar malami shi ne ya isar da abin da ke cikin Littafi da Sunna, ya bayyana shi da gaskiya. Tambayar da ta rage ita ce, ko wannan mai wa'azi isarwa ya ke yi, ko kuwa son ransa ya ke faɗi ya jingina wa Allah.

MUDU UKU DA BA SU DA KYAU

Akwai abu uku da jama'a suka saba aunawa da su, dukansu kuwa su kan yaudari mai awo. Na farko yawan mabiya, na biyu abin al'ajabi, na uku nasara. Game da abin al'ajabi, malamanmu na farko sun daɗe da rarrabe karama da istidiraji, watau talalar da Allah kan yi wa ɓatacce har ya ƙara nisa cikin ɓata. Sun koyar da cewa ko an ga mutum yana tafiya bisa ruwa, kada a gaskata shi sai an duba yadda ya ke riƙe da Shari'a. Game da taro da nasara kuwa, labarin Satiru ya ishe mu.

Satiru ƙauye ne kamar mil 14 kudu da Sakkwato. A 1904, shekara guda bayan Turawa sun ci Sakkwato, mai garin ya ce shi ne Mahadi. Aka kama shi, ya rasu a tsare, ɗansa Malam Isa ya gaje shi. Farkon 1906 wani malami makaho da a ke kira Ɗan Makafo ya gudo daga ƙasar Zabarmawa, inda aka yi bore ga Faransawa, ya sauka Satiru, maganar Mahadi ta sāke tashi, har a ke cewa Malam Isa shi ne Annabi Isa. Ran 14 ga Fabrairu, 1906, aka tura soja bisa dawaki su kama shugabannin. Mutanen garin suka auka musu da gatura da fartanyu da kibau, suka kashe Turawa uku da soja 25, suka ƙwace babbar bindiga. Duk wanda ke shakka a ran nan sai ya ce lalle Allah na tare da su. Amma ba a cika wata guda ba, ran 10 ga Maris, aka komo da runduna mai yawa, aka kashe kimanin mutum 2,000, aka ƙone garin, Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu ya la'anci duk wanda ya sāke gini ko noma a wurin.

Ba mu kawo wannan labari don mu wanke waɗanda suka yi kisan ba, gama horon ya wuce iyaka, da yawa daga mutanen Satiru kuwa talakawa ne da bayin da suka gudo daga iyayengijinsu suna neman sauƙi. Abin da mu ke so a lura shi ne, nasarar ran 14 ga Fabrairu ba ta tabbatar da da'awar kowa ba. A gwada ta da abin da ya sami jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, inda Gobirawa da Buzaye suka yi musu mummunar ɓarna, malamai da mahardata da yawa suka rasu. In da nasara ce mudu, da sai a ce mutanen Satiru ke kan gaskiya a Fabrairu, Shehu kuwa yana kan ɓata a Tsuntsuwa. Babu mai hankalin da zai yarda da wannan lissafi.

ABIN DA SHEHU YA ƘI KARƁA

To, da me za a auna? Mu dubi Shehu kansa, ba wajen abin da ya samu ba, wajen abin da ya ƙi.

Wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ran Babbar Salla, ya yi musu kyauta, ya ware wa Shehu miskali 500 na zinariya. Shehu ya ƙi karɓa. Maimakon zinariya ya roƙi abu biyar: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki 'yan kurkuku, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. Cikin biyar ɗin nan babu ko ɗaya da zai shiga rumbunsa.

Abin da ya fi wannan girma ya zo daga baya. Bayan hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, da buɗe Alƙalawa a 1808, mutane da yawa suka riƙa cewa Shehu ne Mahadi. Da ya yi shiru kawai, da maganar ta zauna, ta kuma ƙara masa kwarjini. Sai ya rubuta littafi wajen 1814, mai suna Tahziril Ikhwani, ya gargaɗi 'yan'uwa game da masu da'awar Mahadi, ya ce shi ba Mahadi ba ne, bai kuma taɓa da'awar haka ba. Hujjarsa kuwa ita ce siffofin da hadisai suka ba Mahadi ba su dace da shi ba, shi da aka haifa a Maratta cikin ƙasar baƙar fata. Watau ya ɗauki kansa ya ɗora bisa ma'aunin littafi a gaban jama'a, ya nuna musu inda bai kai ba. Wannan shi ne babban bambanci. Mai da'awa ya kan tanƙwara littafi ya dace da shi, malamin gaskiya kuwa ya kan bar littafi ya yanke masa hukunci.

Har wa yau, jama'ar Shehu ba jama'ar da a ke rufe baki ba ce. Shehu ya saɓa wa malaminsa da ya ke matuƙar girmamawa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, kan kafirta Musulmi saboda manyan zunubai, ya rubuta cewa saɓo ba ya fid da mutum daga Musulunci. Ƙanensa Malam Abdullahi ya ga son duniya ya fara shiga jama'a, ya bar rundunar a 1807 da niyyar tafiya Makka, ya tsaya Kano inda ya rubuta Liya'ul Hukkami, ya faɗi sukarsa a fili, ba a kuwa ce ya yi ridda ba. Da Shehu Laminu na Barno ya aiko da wasiƙu yana tuhumar dalilin jihadin, Muhammadu Bello ya amsa da hujja, ya kuma sa wasiƙun abokin gardamarsa cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, don na baya su karanta su auna da kansu. Wanda ya san gaskiya ke hannunsa ba ya tsoron a ji ta bakin wani.

Sa'an nan Shehu bai so a zauna cikin jahilci a dogara da shi ba. Ya yi wa'azi da Hausa da Fulatanci don talaka ya fahimta. Cikin Nurul Albabi ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu alhali suna tara ɗalibai don neman suna. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa 'yan taru, mata masu kai karatu ƙauyuka. Mai son a gane kuskurensa in ya yi, shi ne ke koya wa jama'a karatu.

ABIN DA YA FARU A 'YAN AWAKI

Yanzu mu juya tsabar, mu dubi ɗaya fuskar. Muhammadu Marwa, mutumin Kamaru, ya zauna Kano yana wa'azi, har Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya sa aka kore shi a 1962. Daga baya ya komo, ya kafa zango a unguwar 'Yan Awaki. Saboda yawan tsinuwar da ya ke yi wa duk wanda bai bi shi ba aka sa masa suna Maitatsine. Ya haramta agogo da keke da rediyo, ya ƙi bin sauran malaman gari, an kuma ruwaito cewa daga ƙarshe ya yi da'awar annabci. Mabiyansa yawanci gardawa ne da samari 'yan cin rani, waɗanda ba su da kowa a birni sai shi. Ran 18 ga Disamba, 1980, rikici ya ɓarke, aka yi kwana goma sha ɗaya ana ɗauki ba daɗi, sai da aka kawo soja. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Aniagolu ya lissafta mutum 4,177 da suka mutu, shi ma Marwa ya mutu a ciki. Wutar ba ta mutu da shi ba: ta sāke kamawa a Bulunkutu ta Maiduguri da Kaduna a 1982, da Jimeta a 1984, da Gwambe a 1985.

A jera mutanen nan biyu. Ɗaya an ba shi muƙamin Mahadi ya ture, ɗaya ya kai hannu ga abin da ya fi Mahadi. Ɗaya ya ƙi kafirta mai saɓo, ɗaya ya tsine wa gari duka. Ɗaya ya bar littattafai fiye da ɗari waɗanda har gobe a ke iya dubawa a yi gardama a kansu, ɗaya ya katange mabiyansa daga jin kowa. Ba a bukatar jiran ƙarshen labari kafin a gane, gama Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a kan gane ta.

TAMBAYOYIN DA ZA A YI

Saboda haka, in mai wa'azi ya sauka garinku, aka zo aka tambaye ku, ga abin da za a duba. A wane littafi maganarsa ta ke, a wurin wa ya karanta shi, ya kuma yarda wani malami ya buɗe littafin a gabansa? In an tambaye shi, amsa ya ke bayarwa ko tsinuwa? An taɓa jin ya ce bai sani ba? Imamu Maliki, wanda mafi yawanmu ke bin mazhabarsa, ya shahara da faɗin bai sani ba in tambaya ta fi ƙarfinsa, wannan kuwa bai rage masa daraja ba. Ina sadakar jama'a ta ke shiga? Yana raba ɗa da mahaifi, da mata da miji, yana cewa duk wanda ba ya zangonsa kafiri ne? Wanda ya fāɗi a waɗannan tambayoyi, kome zaƙin muryarsa, kome yawan taronsa, maganar kansa ya ke yi.

Amma fa a yi hattara, gama mudun nan yana kare mai gaskiya kamar yadda ya ke tona asirin maƙaryaci. Ba ko wane malami da ya ɓata wa masu mulki rai ne ɗan ƙarya ba. Shehu ma Sarkin Gobir Nafata ya hana mabiyansa wa'azi da rawani da lulluɓi, Yunfa kuwa ya nemi ransa. Akawun da ke rubuta rahoto kada ya gauraya mai faɗin gaskiya mai ɗaci da mai da'awar ƙarya, gama alƙalaminsa na iya jefa mara laifi cikin wahala. A rubuta abin da mutum ya faɗa, da abin da ya aikata, ba jita-jitar kasuwa ba.

Kada kuma mu manta da abin da ke kai mutane hannun masu da'awa. Bayin Satiru da gardawan 'Yan Awaki ba wawaye ba ne, mutane ne da yunwa da wulakanci suka kora, suka sami mai ce musu Allah ya san da su. Inda alƙali ke cin hanci, ma'aikaci ke wulakanta talaka, yaro ke tashi ba karatu ba sana'a, nan ne gonar mai da'awa. Ko wane ma'aikaci da ya sallami talaka da adalci ya rage wa maƙaryaci mabiyi guda.

Nauyi mafi girma kuwa yana wuyan malaman makaranta. Yaron da aka saba dukansa in ya yi tambaya, ya kan girma ya bi duk wanda ya ɗaga masa murya. Yaron da aka koya wa cewa yana iya tambayar malaminsa ina hujja, cikin ladabi, malamin kuma ya buɗe littafi ya nuna masa, ko ya ce bari in duba, wannan yaro da wuya a ja shi da tsinuwa ko da alkawarin laya mai hana harsashi. Matambayi ba ya ɓata. Mu sa wannan cikin darasin addini da na tarihi, mu gaya wa yara labarin Magami tare da na Satiru, su auna da kansu.

Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon binta, ya nuna mana ƙarya ya ba mu ikon guje mata, amin.